Manazarcin hannun jari a hejfon: me yake sayarwa, me ke karya shi?

A farkon watan Oktoban 2012 wani jirgin ruwan horar da sojojin Ajantina mai suna Libertad ya yada zango a tashar Tema ta Ghana, ɗauke da mutum sama da 300. Ziyarar zumunci ce ta kawo shi, amma sai wata kotu a Accra ta ba da umarnin kada ya motsa daga inda yake. Mai ƙarar kuwa kamfani ne, NML Capital, reshen Elliott Management na Paul Singer da ke New York, wanda ya sayi takardun bashin Ajantina da araha lokacin da ƙasar ta durƙushe, ya kuma ƙi yarda a rage masa ko sisi. Jirgin ya yi sama da wata biyu a Tema, sai da kotun dokokin teku ta duniya da ke Hamburg ta sa baki a watan Disamba kafin aka sake shi. A 2016 Ajantina ta nemi sulhu, Elliott ya karɓi sama da dala biliyan 2.

Da yawa daga cikinmu a Nima da Mamobi da Sabon Zongo a wannan rikici muka fara jin labarin kamfanonin da ake kira hejfon, masu karɓar dukiyar attajirai da ta asusun fansho da ta manyan jami'o'i su juya ta da 'yancin da banki ba shi da shi. Wanda labaran rediyo ba su ambata ba shi ne mutumin da ke bayan fage. Kafin lauya ya taka kotu, akwai wanda ya shafe watanni yana bin takardu shafi bayan shafi, har ya gano cewa abin da kasuwa ke sayarwa a wulaƙance ya fi kuɗinsa daraja. Shi ne manazarci. Yau 'ya'yanmu da ƙannenmu masu gama karatun kuɗi da lissafi a jami'o'in Legon da UPSA da KNUST ta Kumasi suna ganin wannan aiki a LinkedIn, suna jin labarin albashinsa, suna kwaɗayinsa. Ina goyon bayan wannan kwaɗayi, domin ilimin da ke cikin aikin yana cikin abubuwan da al'ummarmu ta fi rashi. Amma ina so su san dawan garin tukuna. A wannan sana'a gano gaskiya ba ya wadatarwa. Akwai tambayar kuɗin wa kake juyawa, nawa ne bashi a ciki, kuma har zuwa yaushe mai kuɗin zai iya jiranka.

Asalin abin daga wani mutum ne mai suna Alfred Winslow Jones, masanin zamantakewar al'umma wanda ya yi rubutu a mujallar Fortune. A 1949 ya haɗa dala 100,000, daga ciki 40,000 nasa ne, ya kafa asusu a kan dabara mai kai biyu: ya sayi hannun jarin kamfanonin da yake ganin za su tashi, ya kuma ari na waɗanda yake ganin za su faɗi ya sayar. Kai na biyun ne ke rikita mutane. A ce wani mai shago a kasuwar Nima ya tabbata farashin masara zai sauka da zarar sabuwa ta fara shigowa daga Techiman. Sai ya ari buhu goma a wurin maƙwabcinsa da alkawarin mayar da buhu goma, ya sayar yau a kan sidi 600 kowanne. Bayan wata biyu buhu ya dawo 450, ya saya ya mayar, ya biya ɗan ladan aro, abin da ya saura nasa ne. Idan kuwa damina ta ƙi, buhu ya kai 900, dole ya saya a haka, domin masara ya ara ba kuɗi ba. A riƙe wannan da kyau, za mu dawo kansa: wanda ya sayi kaya, iyakar asararsa abin da ya biya, wanda ya sayar da kayan aro, asararsa ba ta da iyaka, tun da babu wanda ya san inda farashi zai tsaya.

Hikimar Jones tana cikin haɗa kawunan biyu. A ce asusu ya zuba dala miliyan 10 a kamfani mai ƙarfi, ya kuma sayar da na aro na dala miliyan 10 na wani kamfani mai rauni da ke sana'a iri ɗaya. Kasuwa ta rushe. Mai ƙarfin ya sauka da kashi 15 cikin ɗari, mai raunin da kashi 30. An yi asarar miliyan 1.5 a nan, an ci miliyan 3 a can. Guguwar da ta kayar da kowa ta wuce, abin da ya rage shi ne tazarar da ke tsakanin kamfanonin biyu, kuma wanda ya hango wannan tazara tun farko shi ne manazarci. Shi ya sa ake biyansa abin da ake biyansa. Jones ne kuma ya kafa al'adar ɗaukar kashi 20 cikin ɗari na riba, wadda daga baya aka haɗa ta da kashi 2 na dukan jarin a kowace shekara, ko an ci ko an faɗi.

Hanyar shiga aikin sananniya ce, kuma ƙunci gare ta. Galibi matashi yakan fara da shekara biyu ko uku a bankin zuba jari ko sashen bincike na wani gidan dillancin hannun jari, inda ake koyon harhaɗa lissafin kamfani cikin dogon dare. Wasu su ƙara da jarrabawar ƙwarewa a nazarin jari ta CFA mai matakai uku, wadda ana iya zama a rubuta ta a nan Accra. Daga nan hejfon ya ɗauke shi a matsayin ƙaramin manazarci ƙarƙashin manajan jari, a ba shi sashe guda, misali bankuna ko kamfanonin sadarwa ko na magunguna, da kamfanoni ashirin zuwa arba'in da zai san su ciki da bai. Yana karanta rahoton shekara da na kowane wata uku. Yana gina taswirar lissafi a Excel wadda ke hasashen ciniki da kashe kuɗi da riba na shekaru masu zuwa. Yana sauraron shugabannin kamfani idan suna bayani ga masu jari, yana lura da abin da suka faɗa bara suka daina faɗa bana. Yana kiran dilolin kamfanin da abokan gasarsa da tsoffin ma'aikatansa. Sannan ya tattara duk wannan a shafi biyu ko uku, ya tsaya gaban maigidansa ya ce a saya ko a sayar, ga farashin da yake sa rai, ga abin da zai nuna hasashen ya ɓaci.

Inda sabon shiga ya fi tuntuɓe shi ne zaton cewa aikinsa gano kamfani mai kyau ne. Kowa ya san kamfani mai kyau, kuma wannan sani ya riga ya shiga cikin farashi. Tambayar da ake biyan manazarci ya amsa ita ce: wane hasashe ne farashin yau ya ƙunsa, kuma a ina na saɓa da shi? Mu ɗauki MTN Ghana, wanda ya sayar da hannun jarinsa ga jama'a a 2018 a kan pesewa 75, har aka riƙa saye ta waya. Babu mai tallar koko a bakin titin Nima da bai san MoMo, wato tsarin tura kuɗi ta waya na MTN, na kawo kuɗi ba. Wannan ba bincike ba ne. Bincike ya fara ne lokacin da gwamnati ta sa harajin tura kuɗi ta waya na kashi 1.5 cikin ɗari a watan Mayun 2022. A ranar manazarci dole ya ba da lamba: kashi nawa na masu tura kuɗi za su koma riƙe tsaba, wata nawa za su yi kafin su dawo, kuma nawa wannan zai rage daga ribar kowane hannun jari? Idan kasuwa ta sayar kamar ciniki zai ragu da kashi ɗaya bisa uku har abada, shi kuwa lissafinsa da zagayensa wurin masu rumfunan MoMo sun nuna masa raguwar ta 'yan watanni ce, to ya sami abin sayarwa. An rage harajin zuwa kashi 1 a farkon 2023, aka soke shi a 2025. Wanda ya fahimci siyasar harajin da halin mutanen da ke biyansa ya riga wanda ke kallon allo daga Landan. A nan ne nake ganin ɗan Zongo yana da abin da ba a koyarwa a aji, domin ya tashi cikin ciniki, ya san yadda kuɗi ke zagaya a hannun talaka.

Akwai iyaka a wannan neman labari, kuma ƙetare ta gidan yari ne. Tambayar dila ko kaya na tafiya halal ne a doka. Karɓar lambobin riba daga ma'aikacin kamfani kafin a bayyana su ga kowa laifi ne. An yanke wa Raj Rajaratnam na hejfon ɗin Galleon ɗaurin shekara 11 a 2011 bayan masu bincike sun naɗi hirarrakinsa ta waya. SAC Capital na Steven Cohen ya amsa laifi a 2013, ya biya dala biliyan 1.8, kuma ma'aikata ne suka shiga kurkuku, ba maigidan ba. Matsin lambar kawo abin da wasu ba su sani ba yana sauka ne a kan ƙarami, shi ne kuma ke fara ɗanɗana kuɗarsa.

Sashen aikin da na fi girmamawa shi ne na masu farautar ƙarya a cikin lissafi. A ƙarshen shekarar 2000 Jim Chanos na Kynikos ya zauna da rahoton Enron, kamfanin makamashin Amurka da duniya ke yabo, wanda hannun jarinsa ya kai dala 90 a watan Agustan shekarar. Ya ga ribar da kamfanin ke samu a kan jarinsa ba ta kai tsadar kuɗin da yake juyawa ba. Ya ga wasu hada-hada da kamfanonin da wani babban jami'in Enron ɗin ke gudanarwa, an rubuta su da ƙananan haruffa ta yadda ba a gane kansu. Ya ga shugabanni suna sayar da nasu hannun jarin. Ya ari na Enron ya sayar. A watan Disamban 2001 kamfanin ya karye, hannun jarinsa bai kai dala ɗaya ba. Duk abin da Chanos ya dogara da shi yana cikin takardun da kowa zai iya karantawa. Haka aka yi da Wirecard na Jamus, sai dai a can hukumar kula da kasuwa, BaFin, ta ɗauki masu tonon a matsayin maƙiya, ta hana sayar da hannun jarin kamfanin na aro a watan Fabrairun 2019, ta kuma kai ƙarar 'yan jaridar Financial Times. A watan Yunin 2020 aka tabbatar cewa yuro biliyan 1.9 da ke rubuce a littafin kamfanin babu su. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma sai da wani ya yi shekaru yana haƙa, ana zaginsa.

Dalilin girmamawata yana nan gida. A 2017 Babban Bankin Ghana ya karɓe lasisin UT Bank da Capital Bank, kuma UT yana cikin kamfanonin da ake cinikin hannun jarinsu a kasuwar Accra. A 2018 aka narkar da wasu bankuna biyar cikin Consolidated Bank Ghana. A watan Satumban wannan shekarar hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta Ghana ta dakatar da Menzgold, wanda ke alkawarin riba ta kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari a kowane wata. A watan Nuwamban 2019 ta soke lasisin kamfanonin juya jari 53 a rana ɗaya. Babu unguwar Zongo da ba ta san wani da kuɗin auren 'yarsa ko na aikin Hajjinsa ya maƙale a ɗaya daga cikin waɗannan ba. Tambayar da ya kamata a yi wa Menzgold ba ta fi ƙarfin ɗalibin aji biyu a jami'a ba: wace sana'a ce a duniya ke ninka jari cikin shekara guda, a kai a kai, kuma mai ita yana neman kuɗin talaka maimakon na banki? Mutanen da aka horar su yi irin wannan tambaya da babbar murya sun yi mana ƙaranci.

Yanzu ga inda sana'ar ke karya mutanenta. Mu koma ga buhun aro da asararsa marar iyaka. A watan Oktoban 2008 hejfon da yawa sun ari hannun jarin Volkswagen sun sayar, bisa hujja mai ƙarfi: duniya na cikin rikicin kuɗi, cinikin motoci zai faɗi, farashin ya yi tsada. Ranar 26 ga wata Porsche ya bayyana cewa kashi 74 cikin ɗari na kamfanin na ƙarƙashin ikonsa, jihar Lower Saxony kuma tana riƙe da kashi 20. Abin da ya rage a kasuwa bai kai abin da aka ara ba. Cikin kwana biyu farashi ya tashi daga wajen yuro 210 ya haura 1,000, kowa na rige-rigen saye don ya mayar da aro. A watan Janairun 2021 aka maimaita da GameStop, kamfanin shagunan wasannin bidiyo na Amurka, wanda hannun jarinsa ya tashi daga ƙasa da dala 20 ya taɓa 483 saboda ƙananan masu saye sun haɗa kai ta intanet. Hejfon ɗin Melvin Capital, da ya sayar da na aro, ya rasa kashi 53 cikin ɗari a wata ɗaya, ya rufe a 2022. Manazartan da suka ce shagunan GameStop na ja da baya ba su yi ƙarya ba. Wanda ya ba da aro ne ya ce a ƙara jingina yau, ba gobe ba.

Ba sai mun je nesa ba. Ashanti Goldfields na Obuasi, ƙarƙashin Sam Jonah, ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a 1996, abin alfahari ga Afirka baki ɗaya. Don kare kansa daga faɗuwar farashin zinariya, ya ƙulla yarjejeniyoyin sayar da zinariyar shekaru masu zuwa tun tana cikin ƙasa. Ranar 26 ga Satumban 1999 manyan bankunan gwamnati 15 na Turai suka sanar da taƙaita sayar da tasu zinariyar, farashi ya yi tsalle cikin 'yan kwanaki, yarjejeniyoyin suka juye zuwa asarar ɗaruruwan miliyoyin dala a takarda, bankuna suka nemi jingina ta tsabar kuɗi da kamfanin ba shi da ita. Zinariyar na nan a Obuasi, darajarta ma ta ƙaru, amma kamfanin bai sake tsayawa da ƙafarsa kamar da ba, har ya haɗe da AngloGold a 2004. Manazarcin da ya ƙirga zinariyar da ke ƙasa kawai, bai karanta sharuɗɗan jingina ba, ya rasa labarin gaba ɗaya.

Ko babu bashi, haƙurin mai kuɗi yana ƙarewa. Julian Robertson ya fara Tiger Management a 1980 da dala miliyan 8, ya kai shi sama da biliyan 20 a 1998. Ya ƙi sayen kamfanonin intanet da ba su da riba, masu jari suka riƙa janye kuɗinsu, ya rufe a watan Maris na 2000, watan da Nasdaq, kasuwar da kamfanonin intanet suka fi yawa a cikinta, ta kai ƙololuwa ta fara rugujewa. Hasashensa ya tabbata bayan ya riga ya kulle ƙofa. Abin da ya bari shi ne almajirai: Andreas Halvorsen na Viking, Stephen Mandel na Lone Pine, Lee Ainslie na Maverick, Chase Coleman na Tiger Global, duk daga kujerar manazarci suka taso.

Wannan ya kawo mu ga zaɓin da ya fi shafar rayuwar matashi: wane irin gida zai shiga. Gidaje irin na almajiran Robertson suna riƙe kamfanoni ƙalilan na shekaru, manazarci yana da lokacin zurfafa bincike, ladansa kuma ya rataya ga ribar gidan baki ɗaya da adalcin maigida. Akwai kuma manyan gidaje irin su Millennium da Israel Englander ya kafa a 1989, da Citadel na Ken Griffin na 1990, da Point72, waɗanda ke raba jari ga ƙananan tawagogi masu yawa. Kowace tawaga dole ta daidaita abin da ta saya da abin da ta sayar na aro, ana ƙara mata ƙarfi da bashi mai yawa, ana kuma auna ta kullum. Idan ta yi asarar kashi kaɗan cikin ɗari, a rage mata jari. Ta ƙara kaɗan, a sallame ta duka, har da manazarcin da watakila hasashensa ne kaɗai ya yi daidai. A irin wannan gida tambayar ba ta darajar kamfani bayan shekara biyar ba ce, ta rahoton wata uku mai zuwa ce: zai wuce abin da kasuwa ke tsammani ko zai gaza? Kuɗin da ake samu a shekara mai kyau yana da yawa ƙwarai, amma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Akwai gida na uku, irin Renaissance Technologies da Jim Simons ya kafa, inda masana lissafi da kwamfuta ke yanke hukunci. Wannan wata sana'a ce daban, ƙofarta kuma digirin lissafi ne ko kimiyya.

Shin duk wannan wahala tana amfanar mai kuɗin? A dunƙule, ba kamar yadda ake tallatawa ba. Warren Buffett ya ƙulla gasar dala miliyan ɗaya da Protégé Partners cewa asusu mai arha da ke bin ma'aunin S&P 500 na manyan kamfanonin Amurka kawai zai doke zaɓaɓɓun hejfon cikin shekara goma, daga 2008 zuwa 2017. Asusun mai arha ya ƙaru da kusan kashi 126 cikin ɗari, babu ko ɗaya cikin rukunoni biyar na abokin gasar da ya kamo shi. Lissafin ladan ne ke bayyana dalili. Asusun dala miliyan 500 yana cire miliyan 10 a shekara kafin ya yi komai. Idan ya ci kashi 15 cikin ɗari, wato miliyan 75, zai ƙara ɗaukar wajen kashi ɗaya bisa biyar na wannan. Masu kare hejfon suna cewa ba don tsere da kasuwa aka kafa su ba, don rage zafin faɗuwa ne, kuma akwai gaskiya a ciki ga wasu gidajen. Ni dai abin da na ɗauka shi ne ƙwarewa ta gaske tana nan amma ƙalilan ce, ladan kuwa kowa na karɓa kamar yana da ita.

To ina Accra a cikin wannan? Kasuwar hannun jari ta Ghana ta fara ciniki a watan Nuwamban 1990, tana Cedi House, kuma kamfanonin da ke cikinta ba su wuce 'yan gommai ba: MTN, GCB, Ecobank, CalBank, GOIL, Fan Milk, Unilever, Benso Oil Palm da sauransu. Wasu sukan yi kwanaki ba a sayi ko ɗaya nasu ba. A irin wannan kasuwa dabarar Jones ba ta da wurin shimfiɗa ƙafa, domin wanda ya ari hannun jari ya sayar yana buƙatar tabbacin zai samu ya saya a ranar da yake so. Sannan manazarcin Accra yana da abokan hamayya biyu da na New York bai san su ba. Na farko takardar bashin gwamnati ta wata uku, wadda ruwanta ya kai wajen kashi 35 cikin ɗari a ƙarshen 2022, lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 54.1. Wane kamfani za ka tallata wa mai kuɗi a gaban wannan? Na biyu shi ne sidi. Hannun jarin MTN ya tashi daga pesewa 75 a 2018 zuwa wajen sidi 2.50 a ƙarshen 2024, ya ninka fiye da sau uku. A tsakanin nan dala ta tashi daga ƙasa da sidi 5 zuwa sama da 14. Ga baƙon da ya shigo da dala, in ka cire rabon ribar shekara-shekara, kusan yana inda ya fara. A 2025 kuma sidi ya farfaɗo da ƙarfi, lissafin ya juye. Haka nan duk wanda ya nazarci bankunan Ghana a 2022 bai duba yawan takardun bashin gwamnati da suka tara ba, shirin gwamnati na sauya bashin cikin gida na watan Disamban shekarar ya zo masa a ba-zata, bankuna da dama suka rufe shekarar da asara. Manazarci a nan dole ya zama rabinsa masanin kasafin gwamnati.

Saboda haka kujerun da ke gida suna wurin kamfanonin juya jari da na dillanci irin su Databank da IC, da kuma masu kula da kuɗin fansho na mataki na biyu da na uku da dokar 2008 ta kafa, waɗanda jarinsu ke ƙaruwa kowane wata. Kujerun hejfon na gaske masu kallon Afirka sun fi yawa a Landan da Johannesburg da Cape Town da New York, kuma suna daraja wanda ya yi shekaru yana bin kamfanonin Accra da Legas da Abidjan da ƙafarsa.

Saura tambayar da iyaye za su fara yi kafin ta albashi. Mafi yawan malamai sun haramta sayar da hannun jarin aro, bisa hadisin Hakim bin Hizam da ya hana mutum sayar da abin da ba ya hannunsa, ga kuma ladan aro da ruwan bashin da ake ƙara ƙarfi da shi, waɗanda riba ce ta haram ƙarara. Bai kamata a lulluɓe wannan ba: kai na biyu na dabarar Jones da bashin manyan gidaje suna cikin abin da musulmi zai yi wa kansa hisabi a kai, kuma shawara ce da za a yi da malami masanin mu'amala kafin a sa hannu a takardar aiki. Amma nazarin kansa, da sayen rabo a kamfani mai sana'ar halal, da raba riba tsakanin mai dukiya da mai juya ta, duk suna da gurbi a fiƙihu. Irin wannan rabo, wato ƙiradi, ya girmi Jones da ƙarnuka masu yawa. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain ta shimfiɗa ma'auni: bashi mai ruwa kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari na darajar kamfani a kasuwa, kuɗin shiga daga haram kada ya wuce kashi 5, a kuma fitar da shi sadaka. A kasuwar Accra wannan ma'auni yana fitar da bankuna da kamfanonin inshora da Guinness Ghana tun daga ƙofa, ya bar 'yan kaɗan da sai an zauna an auna bashinsu ɗaya bayan ɗaya a kowace shekara. Wannan awo aikin manazarci ne, kuma alhazan da ke da dukiya a Nima da Aboabo waɗanda suka ƙi kai ta ga takardar bashin gwamnati saboda kuɗin ruwa suna buƙatar wanda zai yi musu shi.

Ƙanena mai son wannan hanya ba sai ya jira takardar ɗaukar aiki ba. Rahotannin shekara na kamfanonin da ke kasuwar Accra suna shafin intanet na kasuwar kyauta. Ya zaɓi guda ɗaya, a ce Fan Milk ko Benso, ya karanta na shekara biyar a jere, ya fara daga bayanan ƙarshen rahoto inda ake bayyana bashi da hada-hadar makusanta, ya gwada ribar da aka rubuta da tsabar kuɗin da suka shigo. Ya rubuta shafi biyu, ya sa kwanan wata, ya ajiye, ya buɗe bayan wata shida ya ga inda ya dace da inda ya kauce. A ranar ganawar neman aiki, ko a unguwar Ridge ta Accra ko a Landan, bayan gaisuwa za a ce masa ya kawo kamfani ɗaya da zai saya yau: a kan nawa, me kasuwa ta kasa gani, wane labari ne zai sa ya sayar ko da da asara, kuma idan farashi ya faɗi da kashi 30 cikin ɗari kafin hasashensa ya tabbata, da kuɗin wa zai jira.